Da Sauƙi, In Ji Baki

Panshekara, Kano.

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar da ban saba yi miki da baki ba, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin lafiya da natsuwa. Allah Ya tsare ki a hanyar da za ki bi, a sama da ƙasa, Ya sauke ki a hannun mutanen kirki.

Za ki yi mamakin samun wasiƙa daga wadda bango ɗaya ne tsakanin ɗakinki da nata. Kin san dalili. Ke 'yar fari ce, ga shi kuma sunan kakarki aka sa miki, uwar mijina, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Tun da na haife ki ban taɓa zaunar da ke na yi miki doguwar magana ba, sai dai “ke, miƙo min faifai,” “ke, rufe tukunyar nan.” Haka aka tashe mu, ban kuma ce laifi ne ba. Amma abin da zan faɗa yau ya fi ƙarfin “ke”, shi ya sa na ɗauko biro. Rubutun makarantar matan aure ne, in kin ga harafi ya karkace ki miƙar da shi a ranki.

Da farko na yi niyyar cusa takardar cikin akwatinki, ƙarƙashin ƙullin kuka da daddawa, ki gan ta bayan kin sauka a can. Na fasa. Zan ba ki ita tun jirgi bai tashi ba, ki karanta kina da damar fasa tafiyar, ni kuma in roƙe ki kada ki fasa.

Ga abin da ya faru. Ranar da takardun tafiyarki karatu Turai suka fito, kin same ni ina tankaɗe a tsakar gida, kika durƙusa kika ce, “Umma, ku gaya min tsakani da Allah, ya jikin naku? In ba dama sai in rubuta musu su ɗaga min zuwa baɗi.” Na ce, “Da sauƙi.” A kan wannan kalmar kika je kasuwa kika sayo akwati. To, ba haka likita ta ce ba. A zuwan da na yi na ƙarshe, wanda ƙaninki Kabiru ya kai ni a adaidaitarsa, ta ɗora min na'urar nan mai nuna hoton zuciya, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce zuciyar ta ƙara buɗewa, bugunta ya ƙara rauni. Ta ƙara min magani. Na tambaye ta ko zan ga dawowarki, ta ce wannan sanin na Allah ne, amma ita ba za ta yi min alkawari ba. Ni na hana Kabiru gaya miki, kada ki ga laifinsa.

Na san abin da ya zo miki a rai yanzu. Ajiye shi tukuna, ki karanta har ƙarshe. Ina so in ba ki labarin wannan kalma ta “da sauƙi”, don ni da ita mun daɗe tare, kuma a wurin da za ki je ba ta da amfani.

Da na haife ki an mayar da ni gida wanka, ƙauyenmu na bakin kogin Challawa, hannun Gwaggo Tabawa, yayar mahaifina. Gwaggo ba ta wasa da jego. Safe da yamma a tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen darbejiya ta dinga fyaɗa min har fata ta yi jajir. In na fito in hau gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashinsa, a miƙo min ƙwaryar kunun kanwa, in shanye tana tsaye a kaina. Bayan suna ƙafafuna suka fara kumbura, numfashi ya fara yi min kaɗan, ga wani tari mara dalili. Gwaggo ta latsa ƙafar da yatsa, ta ga wurin ya lotsa bai dawo ba, ta ce, “Sanyi ne ya shige ki, 'yar nan. A ƙara wuta, a ƙara kanwa.” Aka ƙara. Mata suna shigowa barka, kowacce ta ce, “Mai jego, ya jiki?” in ce, “Da sauƙi.” Me zan ce? Mai jegon da ta ce ba sauƙi raguwa ce, har 'ya'yanta sai an ba su labari.

Babanku ne ya zo ganinmu wata Lahadi, a lokacin yana aiki a kamfanin jima na Challawa, ya tarar ina sallar azahar a zaune, Fatiha ma sai na yanka ta gida-gida kafin in kai ƙarshe. Bai yi gardama da kowa ba, ya fita ya nemo mota. A asibiti aka ce zuciya ce, irin ciwon da ke kama wasu mata bayan haihuwa.

Ban riƙe Gwaggo da komai ba, Allah Ya jiƙanta. Haka ta yi wa 'ya'yanta suka tashi garau, ke ma da kika yi karatu kin ce min ba a gama tabbatar da abin da ke kawo ciwon ba, sai dai kanwa da gishiri suna tara ruwa a jikin da zuciyarsa ta riga ta gaji. Kuskuren nawa ne, ni da nake cikin jikin. Ina jin kowane ƙari yana ƙara min nauyi, ban buɗe baki ba. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, in kana yi wa abu magani yana daɗa lalacewa, ka tsaya ka sake dubawa kafin ka ƙara. Kin ce 'yan ƙwayoyin jikin ɗan'adam da za ku rena a ɗakin bincike kullum sai an ba su abinci, wani ruwa ja-ja kamar zoɓon da aka tsinka, kuma ana ajiye su a wuri mai ɗumin jikin mutum. Ranar da kika ga sun fara yaushi, kada ki zama Gwaggo Tabawa. Mai yiwuwa abin da kike ba su ne ba sa so.

Kuskure na biyu ya fi ba ni dariya in na tuna, ko da yake shi ya fi yi min ɓarna. Bayan an sallame ni aka ce in dinga komawa asibiti ana duba ni. Likitan wani saurayi ne mai fara'a, Bahaushe ɗan'uwana. In na shiga ya ɗago kai ya ce, “Maman Ummi, ya jiki?” in ce, “Da sauƙi, likita. Ya aiki?” ya ce, “Da godiya,” ya sunkuya ya yi rubutu. Ni gaisuwa na ɗauka muke yi, ina jira a gama gaisawa ya tambaye ni abin da ke damuna. Ashe shi tambayar ke nan, kuma amsata yake rubutawa. Layi ya yi tsawo a waje, sai in ga an miƙo min kati an ce mai bi min ta shigo. In fito ina haki, in zauna a gindin bishiya in huta kafin in nemi mota.

Da ya ga kullum sauƙi nake samu, ya rage min magani, ya nisanta zuwan. Ni kuma na ce tun da likita da kansa ya ga na warke, wace ce ni? Na daina zuwa gaba ɗaya. A haka na ɗauki cikin Kabiru ba mai duba ni, kuma daga wannan haihuwar zuciyar ba ta sake komawa yadda take ba. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa na je wankan da zani biyu.

Likitar da ke duba ni yanzu ta san halinmu. Ba ta tambayata ya jiki. Sai ta ce, “Mama, matasai nawa kike tarawa kafin ki iya barci?” ko “Daga ƙofar gida zuwa bakin titi kina tsayawa hutu?” Irin wannan tambaya ba ta da “da sauƙi” a cikinta, dole ka faɗi abin da yake. To ki koyi abu biyu. Ki rarrabe gaisuwa da tambaya, don mutanen da za ki zauna da su in sun ce yaya aikin yake, so suke su sani. Sannan ke ma ki iya yin tambayar da ba a kauce mata. Wata rana za ki zauna gaban mace irina, mai kunya, mai gudun a ce ta cika raki. Kada ki rubuta amsarta ta farko.

Kin san shekarun da na yi ina aiki a Sharada, a kamfanin da ke gyaran riɗi da zoɓo ana fita da su waje. Aikin zaune ne, shi ya sa jikina ya ɗauka. Mu jeru a ƙasa da faifai da rariya, mu bakace, mu tsince tsakuwa da kara, maza su auna su ɗinke buhu. Wata shekara, ƙarshen kaka, aka kawo zoɓo mai yawa, ana ta sauri don motar da za ta kai kaya tashar jirgin ruwa tana jira. Na damƙi zoɓon da ke gabana na ji bai yi ƙaras-ƙaras ba, akwai ɗan laushi a cikinsa. Abokiyar zamana Rabi, 'yar Damagaram, ita ma ta damƙa, ta kalle ni ta ce a hankali, “Wannan da sauran rana a kansa.” Sai ga foman, mai kula da aikinmu, ya iso yana share gumi, ya ce, “Hajara, ke ce babba a layin nan, ya bushe?” Na dubi fuskarsa na ga amsar da yake so, na ce, “Ba laifi.” Ai “ba laifi” ƙanwar “da sauƙi” ce, uwarsu ɗaya.

Aka ɗinke, aka loda. Kafin kayan su isa inda za su, fumfuna ta cinye su, har da buhunan kirkin da ke kusa da su. Aka dawo da su, aka rufe layinmu na wani lokaci, mata da yawa suka zauna a gida ba aiki. Ba wanda ya ce ni ce, don kowa ya taɓa zoɓon nan. Rabi ma ba ta taɓa tayar da zancen ba, sai dai tun daga ranar in foman ya zo tambaya ita take riga ni amsawa.

Ke ma za ki sami naki foman, ko da farar riga yake sawa ana ce masa farfesa. Zai zo yana son labari mai daɗi, ke kuma baƙuwa, kina son a ce 'yar Kano ta iya. In abin da kika rena ya buga yau ya tsaya gobe, ki faɗi bugawar ki faɗi tsayawar. In ya yi kyau sau ɗaya ya ƙi sau da yawa, kada ki ɗauki na kirkin ki ɗora a saman buhu. Zoɓo ne namu, da ya lalace aka zubar. Naku a ƙirjin mutum za a sa shi wata rana.

Yanzu bari in zo kan aikin naki, yadda na fahimce shi. Ranar da kika nuna mana a waya, ni da babanku muna zaune a kan tabarma bayan la'asar, kin ce ana ɗibar ɗan jini ko ɗan fatar mutum, a mayar da ƙwayoyin da ke ciki yarinta, lokacin da ba su riga sun zama komai ba, sannan a lallaba su su zama naman zuciya. Muka ga wani ɗan abu a cikin faranti yana motsi shi kaɗai, yana takurewa yana sakewa, ba jiki ba jijiya. Babanku ya cire hula ya sosa kai ya ce, “To yanzu ku kuma halitta za ku fara?” Kika ce, “Baba, wallahi ko ƙwaya ɗaya ba mu iya yi ba. Wadda Allah Ya riga Ya yi muke ɗauka mu rena.” Sai ya ce, “To, mai reno dai ba shi ya haifa ba. Ki riƙe wannan.” Na san ya je ya tambayi limaminsu, don da ya dawo ya ce neman magani ba saɓo ba ne, in dai ba a wulaƙanta ɗan'adam ba. Ki riƙe maganar tasa, ta fi tawa gajarta.

Ni abin da na tambaye ki shi ne girmansa, don waya tana ƙara wa abu girma. Kika ce bai fi ƙwayar riɗi ba. Na ce to yaushe zai kai wanda za a sa wa mutum? Kika kau da kai kika ce, “An kusa, Umma.” Bayan kwana kaɗan ina ɗaki na ji kina gaya wa Kabiru a zaure cewa har yanzu ba a san yadda za a yi masa hanyoyin jini masu isarsa ba, ba a san yadda zai girma ya yi ƙarfin tura jini ba, kuma mai yiwuwa ki tsufa a kan aikin ba ki ga ƙarshensa ba. Ban ji haushi ba, dariya ma na yi. Na ce ashe yarinyar nan ta yi gado. Ni na ba ki “da sauƙi”, ke kin ba ni “an kusa”, kowa ya tashi yana ganin ya kyauta wa ɗan'uwansa.

Don haka ki sani ba na jiran zuciyarki. Na ga ƙwayar riɗi na ga dunƙulen hannu, girman zuciyar mutum, na san tsakaninsu da tafiya. Wadda Allah Ya ba ni da ita zan ƙarasa, ta yi ƙoƙari, ta ɗauke ni ta ɗauki ciki biyu. Kada ki shiga ɗakin aikin nan kina tsere da kwanana, don zafin nema ba ya kawo samu, kuma mai tsere shi ne yake ɗinke buhu da danshi a ciki.

Akwai wata magana da na san ita ta kai ki wannan karatun, kuma daga bakina ta fito. Kina 'yar firamare, maƙwabciyarmu ta shigo dubiya, ta tambayi asalin ciwon, na nuna ki da haɓa na ce, “Ai tun haihuwar waccan ban ƙara lafiya ba, ita ta cinye min zuciya.” Wasa nake yi, irin wasan da uwa ke yi don kada a ce tana ji da 'yar fari. Muka yi dariya. Ke kina bakin murhu kina fifita wuta, na ga hannunki ya tsaya, sannan ya ci gaba. Tun daga lokacin duk wanda ya tambaye ki me za ki zama sai ki ce mai gyaran zuciya, mutane su yi ta sa albarka, ni kuma in ji wani iri.

To ki ji da kyau. Ba ki cinye komai ba. Jariri ba ya laifi, ciwo kuma yana da lokacinsa da sababinsa, kin fi ni sanin wannan a takarda, ina so ki san shi a ranki. In ramuwa za ki je yi, ki sauke wannan kayan a nan Panshekara kafin ki hau jirgi. Ki yi aikin don kina son sa, na kuwa san kina son sa, na ga idonki lokacin da ɗan abin nan yake bugawa a waya. Kuma in Allah Ya ba ki 'ya'ya, ki kula da abin da kike faɗa a kansu suna kusa. Yaro yana fifita wuta ne, amma kunnensa yana wurinki.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Kin ce jinin da kuke aiki da shi ba ya zuwa da suna, lamba kawai ake manna masa. To duk farantin da kika ɗauka ki tuna na wani ne, da uwarsa da unguwarsu, ya miƙa hannu aka ɗiba don yana fatan a taimaki wani. Ki riƙe shi da mutunci ko ba mai kallonki. Ki kiyaye sallarki, an ce a can rana tana wasa da mutane, wani lokaci ta ƙi faɗuwa wani lokaci ta ƙi fitowa, ki nemi masu sani su daidaita miki lokuta. Ki ci abinci mai zafi, ki daina wannan halin naki na shan shayi a tsaye a ce an ci. Ki sayi rigar sanyi ta gaske, ba ta gayu ba. Sannan ga zuciya. Za ki je rena ta wasu, ki ɗan rage taki, don ta babanku kika ɗauko, mai tashi kamar madara a wuta. Wanda ya gyara miki kuskure ba maƙiyinki ba ne, ko da bai iya faɗa da daɗi ba. Maganar aure ban sa ta a nan ba, gwaggwanninki sun riga sun yi min wannan aikin har sun wuce gona da iri.

Na dawo kan abin da na ce ki ajiye. Na san kina so ki ce kin fasa, ko ki ɗaga zuwa baɗi. In kin zauna me za ki yi? Magani Kabiru yana karɓo min, babanku tun da ya bar aiki ya zama ɗan sandan gishiri, ko miya ba ya bari a ɗora sai ya leƙa. Likita tana nan. Abin da zai rage miki shi ne ki zauna kina kallon ƙafata, ni ina kallon fuskarki, kullum ki ce ya jiki in ce da sauƙi. Zamanki ba zai ƙara wa zuciyata bugu ɗaya ba. Baɗin da kike faɗa kuma ba ki san abin da zai zo da shi ba, mai yiwuwa ina nan yadda nake, ki sake ɗagawa, har gurbin ya tafi hannun wani. Ba na so in zama dalilin. Na riga na ɗora miki kaya sau ɗaya da wasa, ba zan ƙara ɗora miki da gaske ba.

Amma ba zan yarda ki tafi a kan ƙarya ba, shi ya sa na rubuta. In kin tafi ba ki sani ba, wani abu ya faru, za ki ce da na sani, kuma za ki daina yarda da duk abin da ya fito daga gidan nan. Gara ki tafi da ido buɗe. Ina jin tsoro, ban ɓoye miki ba. Ba mutuwar ce ta fi damuna ba, wannan kowa da ranarsa. Abin da ke damuna shi ne in tafi kina nesa, ki zo ki tarar da ɗaki. Na auna wannan da zamanki a nan kina ƙonewa a tsaye, na ga tafiyar ta fi. Ina son ki, ina kuma alfahari da ke. Ban taɓa faɗa ba, ba kuma lallai in iya maimaitawa da baki ba, don haka ki adana takardar.

Ga sharaɗin da nake so mu ƙulla. In kin kira waya, mu gaisa yadda aka saba, ki ce ya jiki in ce da sauƙi, in ce ya aiki ki ce da godiya, don ba za mu zama marasa tarbiyya ba saboda kin je Turai. In an gama wannan, sai ki yi min irin tambayar likitata, matasai nawa, ina nake tsayawa hutu, ni kuma na yi alkawari zan faɗa miki yadda yake. Ni ma zan tambaye ki ko 'yan riɗin naki sun buga ko sun tsaya, ki faɗa min yadda yake. Ranar da na ga ya kamata ki zo, ni da kaina zan ce ki zo, ba zan bari sai an kira ki ba. In ban ce ba, ki tsaya a kan aikinki.

Kin tambaye ni tsakani da Allah, ga amsarki a makare. Ba sauƙi, Ummi. Ki tafi.

Ranar tafiya gidan zai cika da 'yan rakiya. Za ki zo ki durƙusa ki yi min sallama, na san kuma sai kin ce, “Umma, ya jikin?” Zan ce da sauƙi, ina kallon wani wuri, ƙila ma in ce ki yi sauri kada ki sa mutane jira. Kada ki ji komai. Baki ne, ya riga ya saba, ni da ke mun san abin da ke ƙasa.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na masauki. Allah Ya yi wa hannunki albarka, Ya sa abin da za ki rena ya amfani 'ya'yan wasu ko bayan ba mu. Ya tsare miki imaninki da lafiyarki, Ya ba ki haƙurin aikin da ba a ganin ƙarshensa da wuri. In da rabon mu sake ganawa a tsakar gidan nan, Allah Ya nuna mana. In babu, na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe min. Babanku yana sa miki albarka, bai san na rubuta wannan ba, amma zan gaya masa da kaina.

Ki duba bayan ambulan. Sunanki na yanka ne a rubuce, cikakke, da hannuna. Ashe hannu bai kai baki kunya ba.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hajara.